Auna Nauyin Mota Kusurwa-Kusurwa: Tambayoyi Da Amsoshi Ga Masu Motocin Gudu A Maraɗi

Wanda ya sayi motar gudu ta hannu, BMW ce ko Golf GTI ko Toyota 86, sau da yawa yakan tarar an riga an saka mata koyiloba, wato amortisa mai zare da sifirin ya naɗe ta, a ƙafafu, ko kuma shi ya sa a saka. Abin da aka saba yi a gareji shi ne a murɗa zobban da sifirin ke zaune a kansu har motar ta zauna yadda ta yi wa ido kyau, a sallami makaniki, a kama hanya. Amma ido ba ya ganin kilo nawa kowace taya ke ɗauke da shi. Sikeli ne kaɗai ke faɗin wannan, kuma a kansa waɗannan tambayoyi suke.

Wannan ba shi ne balansin taya ba?

A'a. Balansin taya shi ne a ɗora taya a inji ta juya, a manna mata ƴan guntayen dalma don kada sitiyari ya riƙa rawa. Alaimen kuma saita fuskar tayoyi ne. Wanda muke magana a kai daban yake: a ɗora motar dungurungum a kan sikeli huɗu, kowace taya da nata, a karanta nauyin kowace kusurwa, sannan a riƙa ɗaga ko sauke mazaunin sifirin har nauyin ya rabu yadda ake so.

Mota mai tayoyi huɗu, me zai hana nauyinta ya rabu daidai da kansa?

Ka lura da teburin mai shayi. Idan ƙafa ɗaya ta ɗan gaza, teburin yakan tsaya a kan ƙafafu biyu da ke gicciye da juna, sauran biyun suna lilo, sai an ninka kwali an cusa. Mota ma haka take, sai dai ita ba za ka ga tana lilo ba, domin sifirin na miƙewa ya cike gurbin. Dukan tayoyin suna ƙasa, amma biyu na gicciye sun danne sosai, sauran biyun suna ɗauke da ƙasa da rabonsu. Kana iya auna tsayin mota da tef a kusurwa huɗu ka samu duk daidai, alhali a gicciye akwai bambancin kilo tamanin. Wannan bambancin ne ake nema a kawar.

Yaya ake lissafin?

A haɗa nauyin gaba-dama da na baya-hagu, a raba da nauyin motar gaba ɗaya. Abin da ya fito shi ne nauyin gicciye, kuma ga motar da ke shan kwana hagu da dama ana son ya tsaya a kashi 50 cikin ɗari.

Ga misali. A ce mota da direba a ciki ta kai kilo 1200, sikeli kuma ya nuna gaba-hagu 340, gaba-dama 290, baya-hagu 270, baya-dama 300. Gaba-dama da baya-hagu sun tashi 560, wato kashi 46.7. Ɗaya gicciyen ya kwashi 640. Don su haɗu a 600 da 600, sai kowace kusurwa ta motsa da kilo 20: gaba-hagu ta sauko 320, gaba-dama ta hau 310, baya-hagu ta hau 290, baya-dama ta sauko 280.

Yanzu ka sake haɗa tayoyin gaba. Da 630 ne, yanzu ma 630. Na hagu da 610 ne, yanzu ma 610. Duk murɗe-murɗen nan bai matsar da ko kilo ɗaya daga gaba zuwa baya ba, ko daga hagu zuwa dama. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci rabin aikin.

Kenan ba zan iya mayar da motata rabi gaba rabi baya ba?

Da zoben sifirin kam, ba za ka iya ba. Rabon gaba da baya ya danganta ne ga inda inji da giya da tanki da kujeru suke zaune. Mazda MX-5 da Honda S2000 an gina su kusan rabi da rabi. Toyota 86, wadda ta fito a 2012, kashi 53 ne a gaba, 47 a baya. Porsche 911 injinta na can ƙarshen baya, don haka kusan kashi 60 na nauyinta a baya yake, su Golf kuwa masu jan gaba akasin haka ne. Idan kana son canza wannan rabo, sai ka ɗauki wani abu mai nauyi ka sake masa wuri: ka mayar da batir but, ka cire kujerun baya, ka sauke manyan lasifikokin da aka loda. Makanikin da ya ce maka zai ɗaga bayan mota don nauyi ya gangaro gaba, ka yi masa godiya ka tafi. Abin da ke motsawa ta haka bai kai a ambata ba.

Me zan ji a tuƙi idan gicciyen ya karkace?

Motar za ta zama mai hali biyu. A misalin da ke sama, inda gaba-dama da baya-hagu suka yi sauƙi, za ka ji tana faɗawa kwanar hagu da rawar jiki har bayanta na neman zamewa, a kwanar dama kuwa sai ta yi taurin kai, hancinta na neman ficewa waje. Idan gicciyen ya haura 50, sai halin ya juya. A burki mai ƙarfi ma tayar gaban da ta fi sauƙi ita ke fara kullewa, ko ka ji ABS, na'urar hana taya kullewa, na bugun ƙafarka tun kafin lokaci.

Dalilin yana cikin ɗabi'ar roba. Idan aka ninka wa taya nauyi, riƙonta na ƙasa yana ƙaruwa, amma ba ya ninkawa. Saboda haka tayoyi biyu masu ɗauke da 300 da 300 sun fi riƙe kwalta a kan masu ɗauke da 400 da 200, ko da yake jimillar ɗaya ce. A kwanar da ta ƙara wa taya mai nauyi nauyi, wannan ɓangaren motar ne zai fara saki.

A gudun cikin gari ba za ka ji komai ba. Sai an matsa wa mota take nuna shi.

Kowace mota ake yi wa?

Sai wadda ake iya ɗaga ko sauke mazaunin sifirinta. Koyiloba, wato amortisa mai zare a jiki da sifirin ya naɗe ta, irin su Bilstein, KW, Öhlins ko Tein, ita ce mai sauƙi. Motoci masu sandar murɗa maimakon sifirin su ma ana iya saita su, kamar tsofaffin Porsche 911 ko gaban tsohuwar Hilux mai jan ƙafa huɗu, mai noti a ƙarshen sandar. Motar da ke da sifirin kamfani marar saiti ana iya auna ta, amma gyara sai da cusa faifan ƙarfe ƙarƙashin sifirin, kuma da wuya wahalar ta biya.

Ina zan samu sikelin a nan?

Na asalin aikin faifai huɗu ne na lantarki masu haɗe da allo ɗaya, irin waɗanda kamfanonin Intercomp da Longacre na Amurka ke yi. Suna da tsada, kuma ba kayan da za a saya don mota ɗaya ba ne, sai dai abokai su haɗa hannu.

Babban sikelin da tireloli ke hawa ba zai yi ba. An yi shi ne don tan-tan, kilo goma ko ashirin ba komai ba ne a wurinsa, mu kuwa su muke nema.

Abin da Maraɗi ke da shi a wadace shi ne sikelin ƴan kasuwar hatsi, wanda ake auna buhunan wake da aya da gyaɗa. Na lantarki mai ɗaukar kilo 500 ko fiye zai ɗauki kusurwar ƙaramar mota. Idan an samu huɗu, kafin a ɗora mota a gwada su da kaya ɗaya: mutum guda ya hau kowanne bi da bi da buhun siminti a hannu. Wanda ya saɓa wa sauran a rubuta bambancinsa. Idan ɗaya tak aka samu, ana iya zagayawa da shi, sauran tayoyi uku suna kan katako mai kaurin da ya yi daidai da tsayin sikelin. Aiki ne mai cin rai, domin kowane murɗi ɗaya sai an zagaya sau huɗu, kuma faifan sikelin yakan ɗan nutse idan ya ji nauyi, katakon kuwa ba ya nutsewa.

Akwai masu dabarar ƙaramin sikelin auna mutum. Sai a samu ƙarfe mai ƙwari, gefe ɗaya a kan sikeli, ɗaya gefen a kan dutse ko katako, taya kuma ta zauna a rubu'in tsawon ƙarfen daga wajen katakon. Sikelin zai ɗauki rubu'in nauyin kawai, kilo 340 ya zama 85, sai a ninka sau huɗu. Lissafin daidai ne. Matsalar ita ce kuskuren ma ana ninka shi sau huɗu, kuma idan taya ta goce da faɗin yatsa ɗaya lambar ta canza. Ya isa ya tona babban karkata, bai isa a yi saitin ƙarshe da shi ba.

Daɓen garejinmu shimfiɗaɗɗe ne. Dole sai an sake auna shi?

Dole, kuma nan ne aikin yawancin mutane ke lalacewa. Daɓen da ido ya ga ya miƙe yana iya samun bambancin santimita guda tsakanin kusurwa da kusurwa, balle wanda aka karkata da gangan don ruwan wanki ya gangara.

A ce ƙarfin sifirin a wajen taya kilo 6 ne a kowane milimita, a dukan ƙafafun. Idan sikeli ɗaya ya ɗara sauran da milimita 4 kacal, wannan tayar da ta gicciyenta za su ƙaru da kilo 6 kowacce, sauran biyun su ragu da 6. Kilo 12 kenan a gicciye, kashi ɗaya cikin ɗari na motar misalinmu, kuma duk ƙarya ce ta daɓe. Idan ka gyara motar a kan wannan ƙaryar, da hannunka ka karkatar da ita. Sifirin na ƙara tauri, abin na ƙara muni.

Maganin ba ya buƙatar kuɗi. Ari siririn tiyon nan mai garai-garai da magina ke fitar da lebur da shi, ka cika shi da ruwa, ka tabbata babu kumfar iska a ciki. Kafa ma'auni a tsaye a tsakiyar sikeli na farko, ka karanta inda ruwan ya tsaya, ka koma na biyu, har huɗu. Wanda ya yi ƙasa a cusa masa siraran faifan ƙarfe ko tayil ɗin roba, ba kwali ba, domin kwali na lotsawa. Da an gama, a zana wurin kowane sikeli da alli ko fenti a ƙasa, don kada gobe a koma farko.

Me za a shirya a jikin motar kafin ta hau?

Tayoyi da farko. Su kasance iri ɗaya a kowane ɓangare, cinsu ya zo ɗaya. Sabuwar taya tana da zanen kusan milimita 8, wadda ta suɗe kuwa ta rasa mafi yawansa, don haka sabuwa a hagu da tsohuwa a dama daidai yake da karkataccen daɓe. A sa iska yadda za a tuƙa, da geji guda ɗaya, tayoyin suna sanyi. Iskar taya na ƙaruwa da kusan 0.1 bar a duk digiri 10 na zafi, kuma a watan Afrilu ko Mayu a Maraɗi, motar da gefenta ɗaya ya sha rana ɗayan yana inuwa ba za ta ba da karatun kirki ba. A yi aikin da sassafe ko a cikin rumfa.

Sai mai. Litar fetur ta kai kusan kilo 0.74, wato lita 50 kilo 37 kenan, kuma a yawancin motoci a baya yake zaune. A auna da adadin da aka saba tuƙi da shi, da yawa suna zaɓar rabin tanki.

Sai direba. Ya zauna a kujerarsa, hannu a sitiyari, ba ya jingina da ƙofa ba ya leƙe. Idan ba zai iya zaman ba, a sa nauyinsa: mai kilo 75, buhun siminti guda a kujera, sauran a buhun yashi, wani ɓangare a wajen ƙafa. A kwashe tarkacen but, a yanke shawara ko tayar safaya da jak za su zauna ko a'a.

Na ƙarshe, wanda aka fi mantawa: a kwance sandar sitabilaiza, wadda ke haɗa ƙafar hagu da ta dama, gefe ɗaya a gaba, gefe ɗaya a baya. Wannan sandar ita ma sifirin ce, kuma idan tana murɗe tana tura nauyi a gicciye ba tare da an sani ba. Bayan an gama saiti, a mayar da ita mota na tsaye a kan tayoyinta da direba a ciki. Notin ya shiga raminsa da hannu, ba duka ba tilastawa. Idan sai an danna kafin ya shiga, ana buƙatar linki, wato ƙarfen da ke haɗa sandar da ƙafa, mai ƙara tsawo da ragewa, in ba haka ba sandar za ta ɓata abin da aka wuni ana yi.

Duk lokacin da muka sauke jak lambobin sai su canza. Sikelin ne ya lalace?

Galibi ba shi ba ne. Idan aka ɗaga mota, tayoyin kan rataya su ɗan shigo ciki. Da an sauke, robar ta kama ƙasa a nan, ƙafar ba ta samu ta buɗe ta koma mazauninta ba. Bushin da amortisa su ma suna da nasu riƙon. Shi ya sa bayan kowane murɗi ake tura motar ta sauka daga sikeli ta sake hawa, a danna gaba da baya a girgiza, sannan a karanta. Idan babu gadar turawa, tayil ɗin roba biyu da giris a tsakaninsu ƙarƙashin kowace taya zai bar ƙafar ta zame ta zauna. Burkin hannu a sake, giya a firi, amma da wani a tsaye da katakon tare taya. Amortisa mai saitin tauri a sassauta ta lokacin awo, bayan an ƙirga inda take an rubuta.

Kada kowa ya cusa hannu ko kai ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai.

Wace kusurwa zan murɗa, kuma zagaye nawa?

Ƙa'idar ɗaya ce: kusurwar da ka ɗaga, ita da ta gicciyenta suna ƙara nauyi, sauran biyun suna raguwa. Wadda ka sauke, akasin haka.

A misalinmu ana neman kilo 20 a kowace kusurwa. Da sifirin kilo 6 a milimita, idan kusurwa ɗaya za a ɗora wa aikin sai ta tashi kusan milimita 13, motar kuma ta karkace a ido. Gara a raba: a ɗaga gaba-dama da baya-hagu da kamar milimita 3 kowacce, a sauke gaba-hagu da baya-dama da kamar haka. Tsayin mota bai canza ba, gicciye ya daidaita.

Zagaye nawa kuwa, motarka ce za ta gaya maka. Zaren koyiloba da yawa milimita 1.5 ko 2 ne a zagaye, amma abin da zoben ya motsa ba lallai ne taya ta motsa haka ba, ya danganta ga inda aka kafa sifirin a hannun ƙafar. Ɗiga farin fenti a zoben, yi zagaye ɗaya, girgiza, karanta, rubuta. Daga nan ka san darajar zagaye guda a wannan ƙafar. Idan koyilobar mai saiti biyu ce, ɗaya na matse sifirin ɗaya na tsawon gangar jiki, a bar matsin sifirin yadda kamfani ya ce, a yi aiki da na tsawon. Da an shiga tsakanin 49.5 da 50.5 a tsaya. Bin rabin kilo ɓata lokaci ne, kofin ruwan da direba zai sha ma ya kusa kai haka.

Zoben ya ƙi juyawa.

Motocin da suka sha gishirin titunan Turai lokacin sanyi sukan zo da zobba a cije, ƙurar hunturunmu kuma ta ƙarasa cika zaren. A ɗaga motar nauyi ya bar sifirin, a goge zaren da buroshi, a fesa man kwance tsatsa a bar shi ya kwana. A yi amfani da sifana mai ƙugiya da aka yi don zoben. Guduma da kurfi suna fasa haƙoran, musamman na alminiyam. Wuta kuma kada ta kusanci amortisa, akwai mai da iskar gas a matse a cikinta.

Ba gara a daidaita tayoyin gaba biyu su zo ɗaya ba?

Akwai masu yin haka don burki ya kama daidai. Amma a motar da hagunta ya fi nauyi, kamar yadda yake a yawancin motocinmu masu sitiyari a hagu idan direba ya zauna, duk abin da ka cire daga gaba-hagu yana komawa baya-hagu. A misalinmu, gaba 315 da 315 na nufin baya 295 da 275, gicciye ya koma kusan 50.8. Ba laifi ba ne babba, amma ni dai 50 nake bi.

Akwai inda ake barin sa a karkace da gangan?

A tseren NASCAR na Amurka, a filayen da ake zagayawa hagu kaɗai, sukan ƙara wa gaba-dama da baya-hagu nauyi fiye da rabi, har ma su murɗa shi ana tsakiyar tsere idan mota ta shigo canjin taya. Motar da za ta bi titi ba ta da wannan uzurin.

Alaimen kafin ko bayan?

Bayan, domin duk canjin tsayi yana taɓa fuskar tayoyi. Idan alaimen ɗin ya lalace ƙwarai a ɗan gyara shi kafin awo, a yi na ƙarshe bayan an gama, sannan a sake hawa sikeli sau ɗaya a tabbatar.

Ba mu da filin tsere a Maraɗi. Kwalliya za ta biya kuɗin sabulu?

Idan sifirinka na kamfani ne kuma ba a taɓa ƙafafun ba, bar kuɗinka a aljihu, ka sayi tayoyi huɗu masu kyau iri ɗaya. Sun fi kowane sikeli amfani a hanyar Tasawa ko ta Ɗan Isa. Idan kuwa an saka koyiloba an saita ta da ido, to akwai yiwuwar motarka ta fi karkata yanzu a kan ranar da ta bar kamfani, kuma sifiri mai tauri ba ya yafiya. Ranar da jaki ko amalanke ya faɗo maka titi ka taka burki kana kaucewa, ranar za ka so motar ta yi hali ɗaya ta kowane ɓangare.

Abin da zan ƙara shi ne maganar saukar da mota. Tsayin da ya dace da titin Jamus bai dace da tudun rage gudu da ramukan damina ba. Motar da aka sauke har amortisarta ba ta da wurin motsi, da ta faɗa rami sai ta daki robar ƙarshe, nauyin duka ya koma taya ɗaya nan take, lambobin sikeli kuma su zama na takarda. A fara zaɓar tsayin da zai wuce hanyoyin da ake bi kullum, sannan a daidaita gicciye a kansa.

Sikeli zai iya nuna ko mota ta taɓa haɗari?

Yakan ba da alama. Idan daɓe ya daidaita, tayoyi iri ɗaya, an kwance sitabilaiza, amma sai an murɗa zobe ɗaya nesa da takwaransa na ɗaya gefen kafin gicciye ya zo 50, akwai abin dubawa: sifirin da ya gaji ko ya karye, sifirin hagu da na dama ba iri ɗaya ba, hannun ƙafa da ya lanƙwashe, ko shasin da aka miƙe bayan karo. Kada a rufe irin wannan da murɗi. A nemo dalilin tukuna.

Sau nawa za a maimaita?

Ba aikin wata-wata ba ne. A sake idan an canza sifirin ko amortisa, idan an taɓa tsayi, idan an cire ko an ƙara abu mai nauyi, ko bayan mota ta daki rami da ƙarfi har sitiyari ya karkace. Sabon sifirin yakan ɗan zauna, don haka a tuƙa shi kwanaki kafin a kai shi sikeli. A takardar awo a rubuta nauyin kusurwa huɗu, iskar taya, yawan mai, nauyin direba, tsayin kowace kusurwa, da tazarar kowane zobe daga ƙarshen zarensa, a ajiye tare da takardun motar.